Jirgin yaƙi: mu ƙera namu ko mu ci gaba da saye?

Ɗalibin Naraguta: Salamu alaikum iyaye da yayye. Akwai abin da yake cin raina, na ce bari in kawo shi zaure. Turkiyya ta tashi jirgin yaƙinta na KAAN a watan Fabrairun 2024. Kafin nan, a 2023, ta ƙaddamar da ƙaton jirgin ruwanta TCG Anadolu. Jiragenta marasa matuƙi kuwa har mu muna cikin masu saye. Mun fi su yawan jama'a nesa ba kusa ba, amma ko allura sai an kawo mana. Kuɗi ne babu ko ƙwaƙwalwa?

Mai Walda Dilimi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire maganar allura, ka ci mutuncin masu sana'a.

Maman Sadik: To, an fara. Yau kuma jirgi za a ƙera mana a zauren nan, mu da ruwan famfo ma sai mun yi sa'a.

Baba Na-Ruwa: Yaro, kafin ka yanke hukunci bari in ba ka abin da na sani, don a sojan ruwa na yi aiki har na yi ritaya. Mun ƙera jirgin ruwan yaƙi a ƙasar nan, ba ɗaya ba. A ma'aikatar jiragen sojan ruwa da ke Victoria Island a Legas aka yi NNS Andoni, Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da shi a 2012, tsawonsa mita 31. Aka yi NNS Karaduwa, Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Disambar 2016. Aka yi NNS Oji a Disambar 2021, shi ya haura mita 40. Kowanne ya fi na gabansa girma. Injiniyoyinmu da masu waldarmu ne suka yi su, kuma sun shiga teku sun yi sintiri.

Ɗalibin Naraguta: Allah ya ƙara girma Baba. Amma mita 31? Ai wannan ɗan ƙarami ne. NNS Aradu da Jamusawa suka ƙera mana tun 1982 ya kai mita 125.

Baba Na-Ruwa: Ƙarami ne, ban musa ba. Amma kai da kake kan tudu ba za ka san abin da ke cikin mita 31 ɗin ba. Ba lanƙwasa ƙarfe kawai ba ne. Sai an lissafa nauyin kowane abu da inda za a ajiye shi, domin in nauyi ya yi yawa a sama, igiyar ruwa ɗaya za ta kifar da shi da mutanen ciki. Sandar da ke juya farfela sai ta miƙe daidai da injin, in ta kauce ko kaɗan jirgin zai riƙa kakkarwa har ya cinye kansa. Ga bututun mai, ga na ruwan sanyaya inji, ga wayoyin wuta, ga ɗakunan da dole ruwa ya kasa ƙetarawa daga wannan zuwa wancan idan an huda jirgin. Bayan an gama sai a fita da shi teku a gwada gudu, a gwada juyawa, a gwada tsayawar gaggawa. Wanda bai yi na mita 31 ba, ba zai taɓa yin na mita 100 ba.

Ɗalibin Naraguta: To injin fa? Da na'urar hangen nesa da bindigogin?

Baba Na-Ruwa: Daga waje. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Mai Walda Dilimi: Ashe irin aikinmu ne. Ana kawo mana kan mota da injinta da gindinta daga waje, mu mu ɗora mata bodi. Mai kallo zai ce ba mu yi komai ba, amma ya je ya ɗora buhun dankali 300 a kan gindin mota tsirara mu gani.

Injiniya Rikkos: Maigida ka yi daidai, sai dai ko ƙarfen bodin ma akwai magana, kuma nan ne ni nawa ciwon yake. Jirgin ruwa da faffaɗan ƙarfe ake yinsa, irin shimfiɗaɗɗe mai kauri, wanda aka haɗa shi musamman don ya jure gishirin teku ya kuma karɓi walda ba tare da tsagewa ba. Ku duba masana'antun ƙarfen da muka kafa. Ta nan Jos, da ta Katsina, da ta Osogbo, duka rodi da waya aka gina su su yi, kayan gini ke nan. Ɗanyen ƙarfen da suke murzawa daga Aladja ta jihar Delta aka tsara zai riƙa zuwa, da Aladja ta durƙushe su ma suka bi ta. Ajaokuta kuwa, da aka ba Tarayyar Sobiyat kwangilarta a 1979, kashin farko nata ma dogayen ƙarafa ne. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe sai a kashi na biyu aka tsara shi, mu kuwa na farkon ma ba mu kammala ba, babbar tukunyar narka tama ba a taɓa hura ta ba. To ko gobe aka ce Ajaokuta ta tashi yadda aka zana ta da farko, ba ƙarfen jirgi za ta fara ba mu ba. Mutane ba sa son jin wannan.

Ku dubi Indiya. Da suka tashi gina jirginsu mai ɗaukar jiragen sama, INS Vikrant, a Kochi, daga Rasha suka sa ran samun ƙarfen. Abin bai yiwu ba. Sai masu bincikensu na tsaro suka haɗa kai da kamfanin ƙarfe na gwamnati, SAIL, suka fitar da irin nasu. Aikin ya ja lokaci, an kafa gindin jirgin a 2009, ba a ƙaddamar da shi ba sai Satumbar 2022. Amma yanzu sauran jiragen yaƙinsu da wannan ƙarfen ake yi. Koriya ta Kudu ma tare ta tayar da biyun: kamfanin ƙarfe na POSCO ya fara narka ƙarfe a 1973, Hyundai ta fara gina filin ƙera jiragenta a Ulsan a 1972.

Alhajin Bukuru: Injiniya ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Yaran nan ba su san cewa ƙasar da suke takawa ta shiga cikin injin jirgin yaƙin Turawa ba. Lokacin haƙar kuza, akwai baƙin yashin da ke fitowa tare da ita, kolumbait. Da farko zubar da shi ake yi, ana ganin datti ne da ke ɓata kuza. Da aka shiga zamanin injin jet sai aka gane cewa in aka zuba abin da ke cikinsa a haɗin ƙarfe, ƙarfen yana jure zafin da zai narkar da wani. A shekarun 1950 Amurka ta riƙa sayensa tana tarawa da tsada, kuma a lokacin mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi daga Filato yake fita. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka koma ana tone tsofaffin tulin ƙasar da aka zubar ana sake wankewa. A buhu ya tafi, a jirgin ƙasa, zuwa bakin teku. Mu aka bar mu da kududdufai.

Ɗalibin Naraguta: Allahu akbar. Alhaji, yanzu fa?

Alhajin Bukuru: Yanzu Brazil ce ke riƙe da kasuwar. Mu har yau a buhu muke sayarwa, sai dai masu sayen ne suka canza fuska. Ko kuza da muka samu aka kafa mana wurin narka ta, Makeri, a farkon shekarun 1960, ina yake yau?

Maman Sadik: Alhaji, Allah ya ja kwana, tarihin ya yi daɗi. Amma ni tambayata daban ce, kuma kada a ce mace ba ta san tsaro ba, don mu ne ke zaman makoki. Me ya sa dole sai mun ƙera? A 2018 an ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar mai aka biya kuɗin Super Tucano 12, har majalisa ta yi ta hayaniya cewa ba a nemi izininta ba. Jiragen sun iso a 2021, suna Kainji, suna aiki. Da a ce mun zuba wannan kuɗin a ƙoƙarin ƙera namu, da yau ba jirgi ba kuɗi, sai kwamitin bincike. A sayi abin da ake buƙata, ragowar a zuba a makarantu da asibiti. Ina koyarwa a ajin da yara ke zaune a ƙasa, ku kuna maganar jet.

Barista Tudun Wada: Malama, hujjarki tana da ƙarfi in har kullum mai sayarwa zai sayar. Matsalar ita ce makami ba kamar shinkafa ba ne da mai kuɗi ke ɗauka ya tafi. Ki tuna 2014, lokacin da Boko Haram ke karɓe garuruwa a Borno da Adamawa. An nemi sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, Amurka ta hana, saboda ƙirarta ce kuma sai da yardarta. A wannan shekarar ce aka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a jirgi a Afirka ta Kudu, aka ce na sayen makamai ne. Ƙasa guda ta koma yawo da kuɗi a akwati tana neman mai sayar mata. Su kansu Super Tucano ɗin an daɗe ana jan cinikin, kuma bayan kuskuren harin da aka kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017 gwamnatin Obama ta dakatar da shi, sai a zamanin Trump aka sake buɗewa. Daga biyan kuɗi zuwa isowar jirgi shekara uku. Mutum nawa aka kashe a tsakani?

Turkiyyar da yaronmu yake yabo, abin da ya tashe ta ke nan. Bayan ta shiga Cyprus a 1974, Amurka ta sa mata takunkumin makamai daga 1975 zuwa 1978, jiragenta suka rasa kayan gyara. A 1975 ɗin aka kafa ASELSAN don yin na'urorin sadarwar soja. Abin da kake gani yau, ƙanena, aikin shekara hamsin ne.

Maman Sadik: Barista, ai ka ba ni hujja da bakinka. Shekara hamsin. Wace gwamnati ce a nan take riƙe abu shekara takwas ma?

Injiniya Rikkos: Kuma kada a ɗauka Turkiyya ta tsira gaba ɗaya. KAAN ɗin da injin Amurka na General Electric ya tashi. Jirgi mai saukar ungulu T-129 da muka saya daga wurinsu, injinsa na haɗin gwiwar kamfanin Amurka da na Ingila ne, shi ya sa da Pakistan ta yi odar guda 30 a 2018 cinikin ya maƙale, Amurka ta ƙi ba da izinin injin. Bayraktar kuwa, jirginsu maras matuƙi, kyamararsa daga Kanada take zuwa, da aka yi yaƙin Nagorno-Karabakh a 2020 Kanada ta rufe ƙofa, sai da suka koma ga wadda ASELSAN ta yi. Indiya ta fara shirin jirginta Tejas a 1983, ya fara tashi a 2001, ya shiga aiki a 2016, kuma injin da suka so yi da kansu, Kaveri, bai kai ba, da na Amurka yake tashi. Ƙasashen da ke iya yin injin jet na yaƙi tun daga tushe ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka Najeriya za ta yi nan kusa, kuɗin kwangila yake nema.

Ɗalibin Naraguta: To ke nan mu haƙura?

Kawu Ofisa: A'a ɗana. Tun ɗazu ina karantawa, bari in sa baki, ni makanikin jirgin sama ne kafin in ajiye kaki. Kuna ta maganar mu fara, alhali mun sha farawa. Abin da ba mu iya ba shi ne ci gaba.

A Kaduna, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin shekarun 1990, an haɗa ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai suna Air Beetle, guda 60, domin sojan sama. An ɗauko zanen wani jirgin Amurka ne, RV-6A, aka gyara shi ya dace da mu. An horar da mutane, an samu hannun da ya iya buga ƙusar jikin jirgi da haɗa fiffike. Da aka gama 60 ɗin sai me? Ba a ce a yi wanda ya fi shi ba, ba a ce a yi na biyu ba. Masu aikin suka watse, wasu suka tsufa, wasu suka koma wata sana'a. A 2016 da muka buƙaci jirgin koyo sai muka je Pakistan muka sayo Super Mushshak guda 10.

Yanzu ku ji labarin Mushshak ɗin. Shi ma ba Pakistan ce ta zana shi ba, jirgin kamfanin Saab na Sweden ne suka karɓi izinin haɗawa. Wurin da suke yinsa, Kamra, da gyara ya fara a shekarun 1970, suna kwance jiragen F-6 da China ta ba su suna sake ɗaurawa. Daga gyara suka koma yin ƙananan kayan gyara, daga nan haɗa jirgin koyo, daga nan suka shiga haɗin gwiwa da China suka fitar da JF-17, wanda muka sayi guda 3 aka ƙaddamar a Makurdi a 2021. Injinsa na Rasha ne, amma su ke haɗa jirgin, su ke gyara abinsu, har suna sayar mana. Ba su fi mu kuɗi ba. Ma'aikatar ce ba a taɓa barin ta ta huce ba.

Kuma ni a wurina gyara ya fi ƙira muhimmanci a matakin da muke. Mun sayi Jaguar 18 daga Ingila a shekarun 1980, jirage masu tsada, kafin a je ko'ina aka ajiye su, ba yaƙi ne ya cinye su ba. Jirgi yana da awoyin da in ya cika dole a kwance shi a duba komai. In ba ka iya wannan a gida, kuma ba ka da kuɗin kai shi waje a lokacin, ya zama kayan ado a filin jirgi.

Baba Na-Ruwa: Ofisa ka faɗi gaskiya. Aradu ma haka. Jirgin da ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar a 2005, daga baya ya shafe shekaru a ɗaure a bakin gaɓa, har sai da aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar farfaɗo da shi. Kuma ku lura da tazarar namu na gida: 2012, 2016, 2021. Jirgi ɗaya duk shekara huɗu ko biyar. Mai waldar da ya ƙware a kan Andoni, kafin a zo Oji wataƙila an yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya. Da a ce oda aka ba da ta guda goma iri ɗaya, a jere, da na biyar ya fi na farko sauri da arha, domin an riga an san inda aka yi tuntuɓe.

Ɗalibin Naraguta: Amma Kawu, ai a fannin marasa matuƙi mun taɓuka. An nuna Gulma a Kaduna a 2013, an nuna Tsaigumi a 2018.

Kawu Ofisa: An nuna, kuma yaran da suka yi aikin sun cancanci yabo, Tsaigumi ma da taimakon wani kamfanin Portugal aka yi shi. Amma da aka zo aikin yaƙi na yau da kullum, CH-3 da Wing Loong na China aka sayo. Ranar biki shugaban ƙasa yana zuwa, a yanke kyalle, a ɗauki hoto. Ranar da za a sa hannu a ce a ƙera guda 50 a raba wa rundunoni, ita ce ba ta zuwa.

Barista Tudun Wada: Ga wani abin da zai ƙara muku haushi. DICON ta Kaduna, ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnati, an kafa ta a 1964, shekarar da aka kafa rundunar sojan sama. Embraer ta Brazil, mai Super Tucano, a 1969 aka kafa ta. Mun girme ta da shekara biyar. Bambancin shi ne su sun fara da makaranta, cibiyar koyar da injiniyancin jirgin sama tun 1950, sai da suka tara masu ilimin sannan suka buɗe kamfani. Da aka buɗe kuma sojan samansu suka ba shi odar jirgin Bandeirante guda 80. Kamfanin da aka ba wannan odar ya san zai biya albashi shekaru masu zuwa. An sa hannu a sabuwar dokar DICON a 2023 wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, to amma doka ba ta sayen kaya, sai an sa a kasafin kuɗi an kuma saki kuɗin.

Maman Sadik: Kuma ku faɗi dalilin da ya sa ba a son saye a gida mana, kuna ta kewaye-kewaye. Sayen waje akwai tafiya, akwai dala, akwai kaso. Wa zai samu alawus ɗin zuwa Kaduna?

Mai Walda Dilimi: Hajiya ta fasa ƙwai.

Admin: Jama'a a yi hattara, a yi magana a kan tsari, kada a kama sunan kowa ba hujja.

Maman Sadik: Ban kama suna ba, Admin. Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Tudun Biri, Disambar 2023, mutane suna Mauludi jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bam, fiye da mutum 80 suka rasu, rundunar da kanta ta amsa cewa kuskure ne. Da a Kaduna aka ƙera wannan jirgin, da ya fasa faɗawa a kansu? Kafin a ƙara yawan abin da ke shawagi a kanmu, a gyara yadda ake tantance wanda ake hari.

Kawu Ofisa: Allah ya jiƙansu. Malama, ba ni da abin da zan musa a nan. Na'ura tana nuna maka taron mutane ne, ba ta gaya maka ko su wane ne. Wannan aikin bayanan sirri ne daga ƙasa, da horo, da wanda ke da ikon cewa a harba ko a dakata. Abu ɗaya kawai zan ƙara, wanda ya ƙera kyamararsa ya fi sanin iyakar ganinta.

Maman Sadik: Ban gamsu da wannan ƙarin ba Kawu, amma na ji.

Ɗan Kasuwar Katako: Ni tambayar jahilci zan yi. Na sama na gane, don 'yan bindiga a daji suke. Amma mu a Jos ina ruwanmu da jirgin ruwa? Daga nan zuwa teku kwana ake yi a mota.

Baba Na-Ruwa: Alhaji, kayan shagonka ta ina suke shigowa? Lokacin da 'yan fashin teku suka addabi mashigin Gini, kamfanonin inshora ƙarin kuɗi suke ɗora wa duk jirgin da zai zo Legas ko Onne, kuma a kan kayanka ake fanshewa. A 2022 aka cire Najeriya daga jerin wuraren da fashin teku ya yi ƙamari, bayan an ƙara sintiri da na'urorin sa ido. Kason da jihar Filato ke karɓa daga Abuja duk wata, kuɗin man da ake lodi a teku yana ciki, in an sace shi a can kai ma an taɓa ka. Sannan sojan ruwa ba a teku kaɗai suke ba. Akwai sansani a Baga a bakin Tafkin Chadi, akwai a Lokoja. A tafkin nan babban jirgi ba shi da amfani, ruwan ba zurfi, ga ciyawa. Ƙananan jirage masu shafaffen gindi ake so, kuma irin waɗannan ana yinsu a ƙasar nan, akwai kamfanin Epenal a Fatakwal da ya yi wa sojan ruwa da yawa.

Injiniya Rikkos: Nan ne ma nake ganin ya kamata mu sa ƙarfi. Ba ƙasar da filin ƙera jiragenta ke rayuwa da odar soja kaɗai in ba manyan masu kuɗi ba. Hyundai da tankokin dakon mai na wani attajirin Girka ta fara, ba da jirgin yaƙi ba. Mu kuma ga kasuwa a gabanmu muna kallo. Jiragen dakon gas na NLNG a Koriya ake ƙera su. Dokar sufurin ruwa ta cikin gida ta 2003 ta ce jirgin da zai yi aiki a ruwanmu a nan za a ƙera shi, amma ta bar ƙofar neman sassauci, kowa ta nan yake bi. Asusun da aka ce a tara don taimaka wa 'yan ƙasa su mallaki jirage, an shafe fiye da shekara ashirin ana tarawa ba a raba ba. Da aka matsa kuwa an ga sakamako: ƙaton jirgin haƙar mai na Egina a Koriya aka gina shi, amma wasu sassansa a nan aka ƙera, aka ɗora su a Legas a 2018. Ga kuma kwale-kwalen katako da ke kifewa da mutane a kogin Kwara, kamar na Ngaski a jihar Kebbi a 2021. Jirgin fasinja na ƙarfe mai ɗaukar mutum ɗari bai fi ƙarfinmu ba, kuma hannun da ya yi shi shi ne zai yi na sintiri.

Ɗalibin Naraguta: Wato ni da nake mafarkin jet, an dawo da ni kwale-kwale.

Alhajin Bukuru: Da rarrafe yaro kan tashi.

Mai Walda Dilimi: Baba Na-Ruwa, tambaya ta tsakani da Allah. Ina da yara a shago da in suka ja maka layin walda sai ka rantse inji ne ya yi. Irinsu za su iya aikin jirgi?

Baba Na-Ruwa: Hannun suna da shi, amma a can kyan ido ba ya wadatarwa. Kowane mai walda sai ya ci jarrabawa an ba shi takarda a kan irin ɗinkin da zai yi: na kwance daban, na tsaye daban, na sama da kai daban, na bututu shi ya fi wuya. Bayan ya yi kuma ana ɗaukar hoton cikin ɗinkin, kamar yadda ake yi wa ƙashi a asibiti, ko a bi shi da na'urar sauti. In aka ga ƙurar iska ko datti a ciki, a kankare a sake. Sandar waldar ma a cikin tanda ake ajiye ta don kada ta sha danshi, in ta sha, ɗinkin zai tsage daga baya ko da ya yi kyau a ido.

Mai Walda Dilimi: Tanda kuma? Mu da damina ta Jos a ƙarƙashin benci muke ajiye kwalin.

Injiniya Rikkos: Shi ya sa wani aikin ke buɗewa bayan wata shida kana zargin ƙarfe. Ba kowace sanda ba ce ke buƙata, amma ta aikin nauyi dole ne.

Maman Sadik: To ga abin da za a kashe wa kuɗi in ana so in yarda. A gyara kwalejojin fasaha irin ta Bukuru, a sa musu injin walda da wuta da malamin da ya iya, a ba yaro takardar da za a karɓa a Legas da Fatakwal. Wannan zan sa hannu. Jet kuwa har yanzu ina kan bakana.

Barista Tudun Wada: Malama, ai ranar da aka sake hana mu kayan gyara ina nan zan tuna miki.

Maman Sadik: Ka tuna mini, ni ma ina da nawa lissafin da zan karanto maka.

Mai Walda Dilimi: An kawo wuta, bari in je in ƙarasa ƙofar mutane kafin a ɗauke. Baba, a ajiye mini maganar jarrabawar nan, ina so in ji a ina ake yinta da nawa ake biya.